Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Tarihin Ƙungiyoyin Sa-kai da Aikin Agaji a Ƙasar Daura

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna Daura ya ji labarin rijiyar Kusugu. An ce wani baƙo, Bayajida, ya iso garin da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya roƙi ruwa. Tsohuwar ta gaya masa ba a samun ruwa sai ranar Juma'a, domin wani maciji ya tare rijiyar garin. Ya karɓi guga ya tafi, ya kashe macijin, jama'a suka sami ruwa kullum. Masana tarihi suna ta muhawara a kan asalin labarin, amma akwai abu ɗaya a cikinsa da ya shafi darasinmu. Baƙon yana da takobi da ƙarfin hali. Tsohuwar kuwa ita ta ba shi masauki, ita ta san abin da ke damun gari, ita ta san inda rijiyar take.

A wannan darasi za mu bi tarihin ƙungiyoyin sa-kai, wato na mutanen da suke haɗa kai su yi wa jama'a hidima ba domin albashi ba, mu ga abin da suka bari a ƙasar Daura da kewayenta. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar: Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa. Tana bakin iyaka da Jamhuriyar Nijar, kuma kusan dukan mutanenta Musulmi ne. Ikilisiyoyin da ke cikinta ƙanana ne, yawancin membobinsu ma'aikata ne da 'yan kasuwa da ɗalibai. Mai hidimar da aka tura irin wannan wuri yana bukatar ya san yadda agaji ya saba shiga gidajen mutane, da abin da ya sha hana shi shiga. Abin da tarihin zai nuna mana shi ne, kuɗi da magani suna iya zuwa daga ƙetaren teku, amma ba sa wuce zaure sai an sami wanda mai gida ya yarda da shi.

Kafin zuwan kulob: gayya

Ba Turawa suka koya wa Bahaushe aikin sa-kai ba. Tun kaka da kakanni akwai gayya. Idan noma ya fi ƙarfin mutum, sai ya gayyaci samarin gari, ya tanadi fura da tuwo, makaɗa su biyo su da ganga, a gama gonar a wuni ɗaya. Haka ake ɗaukar jinka, haka ake yashe rijiya, a gyara hanya, a haƙa kabari. Sarkin samari da sarkin noma su ne masu tara mutane. A ƙetaren iyaka, gwamnatin Seyni Kountché ta Nijar, wadda ta hau mulki a 1974, ta ga ƙarfin wannan tsari har ta farfaɗo da samariya ta mai da ita ƙungiyar ƙasa baki ɗaya.

Jama'a sun kuma san bambancin gayya da aikin dole. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin mulkin mallaka ta riƙa ɗibar maza daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, abin da aka kira ɗiban gwamna. Tun daga irin waɗannan abubuwa talaka ya koyi yin taka-tsantsan da duk aikin da aka ce na taimakonsa ne amma daga sama aka sauko da shi.

Gayya tana da iyakarta. Ramuwa ce: na yi maka yau, ka yi mini gobe. Wanda ba shi da ƙarfin ramawa, kamar kuturu ko makaho ko baƙo, sai dai ya dogara ga zakka da sadaka. Idan kuma masifa ta faɗa wa kowa a lokaci ɗaya, gayya ba ta da abin yi. A yunwar Kakalaba ta 1914, da ta 'Yar Buhu a 1927, da farin 1972 zuwa 1974, rumbun kowa ya ƙare tare a wannan yanki na arewacin ƙasar Hausa, maƙwabci bai da abin da zai ba maƙwabci. A nan ne ake bukatar hannu mai tsawo, wanda zai ɗauko daga inda akwai ya kai inda babu. Wannan giɓi ne ƙungiyoyin zamani suka zo cikewa.

Asalin ƙungiyoyin hidima na zamani

A 1859 wani ɗan kasuwa daga birnin Janiba na ƙasar Suwizalan, Henry Dunant, ya iso Solferino a Italiya bayan wani mummunan yaƙi, ya tarar da dubban sojoji kwance da raunuka ba mai kula da su. Dunant mai bi ne, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar samarin Kirista ta garinsu. Ya tara matan ƙauyukan wurin suka yi jinyar kowa, ba tare da tambayar ɓangaren da ya yi wa yaƙi ba. Daga nan aka kafa Red Cross a 1863. Alamarta tutar Suwizalan ce aka juya launinta, amma Daular Usmaniyya ta ga gicciye ne, don haka a yaƙinta da Rasha na 1876 zuwa 1878 ta yi amfani da jan jinjirin wata. Wannan ya nuna tun farko cewa alamar da ke jikin mai agaji tana iya buɗe masa ƙofa, tana kuma iya rufe ta. Majalisar Nijeriya ta kafa Red Cross ta ƙasa da doka a 1960.

A 1883 William Alexander Smith, malamin makarantar Lahadi a Glasgow, ya kafa Boys' Brigade domin ya horar da yara maza da suka gagare shi a aji. Ƙungiyar ta iso Legas a 1908, daga baya ta bazu cikin ikilisiyoyin Arewa, inda har yau muke ganin 'yan birged suna tsare ƙofar majami'a da shirya taro.

Kulob ɗin hidima irin na masu sana'a kuwa a Amurka ya fara. Ranar 23 ga Fabrairu 1905 wani lauya, Paul Harris, ya zauna da abokansa uku a Chicago suka kafa Rotary. Sunan ya samo asali ne daga yadda suke zagayawa da taronsu daga ofishin wannan zuwa na wancan. Da farko neman abokai da ciniki ne ya haɗa su, aikinsu na farko ga jama'a kuwa banɗakin jama'a ne a tsakiyar birnin. A 1917 Melvin Jones ya kafa Lions a birnin, kuma bayan jawabin da Helen Keller, wadda makauniya ce kuma kurma, ta yi musu a 1925, suka ɗauki yaƙi da makanta ya zama babban aikinsu.

Kulob ɗin Rotary na farko a Nijeriya a Kano aka kafa shi, a 1961. Irin waɗannan kulob na manyan birane ne, membobinsu lauyoyi da likitoci da manyan 'yan kasuwa, kuma Rotary ba ta buɗe ƙofa ga mata a duniya baki ɗaya ba sai 1989. An sha yi musu zargi. Wasu Musulmi da wasu Kirista sun ɗauke su ƙungiyoyin asiri, har fadar Paparoma ta hana limaman Katolika shiga Rotary a 1951, kafin daga baya dangantakar ta gyaru. Manomin Baure ko na Sandamu zai iya rayuwarsa duka bai taɓa haɗuwa da ɗan Rotary ba. Duk da haka, kamar yadda za mu gani, abin da suka tara ya shiga bakin 'ya'yansa.

Kuturta da ƙofar da ta buɗe wa Mishan

Tarihinmu na ikilisiya ya haɗu da wannan tarihi a wurin kutare. Bayan Turawan Ingila sun ci ƙasar Hausa a 1903, sun yi wa sarakuna alkawari ba za su taɓa addini ba, saboda haka suka hana 'yan Mishan zama a masarautun Musulmi. Mishan ɗin SIM, wadda Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka fara a 1893, ta yi shekaru tana jiran izini.

Kuturta ce ta buɗe ƙofar. A farkon shekarun 1930 wani limamin Anglican, Tubby Clayton, wanda ya kafa ƙungiyar hidima ta Toc H bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya ziyarci Kano ya ga halin da kutare suke ciki. Da ya koma Ingila ya yi kira, kuma a 1935 rukunin farko na samarin ƙungiyar suka taso zuwa Nijeriya domin aikin kuturta. A 1937 aka miƙa wa SIM kula da mazaunan kutare na En'e: Yadakunya a Kano, Amanawa a Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, wadda ita ce ta lardin da Daura take ciki. A 1943 SIM ta buɗe asibitin ido na Kano, wanda har yau yake hannun ECWA, kuma mutane daga ko'ina a Arewa da Nijar suke zuwa.

Alherin da aka yi a waɗannan wurare ba ƙarami ba ne. An wanke gyambon mutanen da danginsu suka guje su, an koya musu karatu da sana'a, wasu suka zama ma'aikatan jinya da masu bishara. Bayan an fara amfani da ƙwayar dapsone wajen 1950, dubbai suka warke suka koma gida. Amma akwai ɗaya gefen, wanda ya kamata mai hidima ya sani. Sarakuna sun yi ƙorafi a kan koyar da addini ga marasa lafiya Musulmi, musamman yara da aka raba da iyayensu. Mutum yana kwance, ba shi da wani wurin samun magani, wanda yake ba shi maganin kuma shi ne yake yi masa wa'azi. Ko da niyyar mai wa'azin tsarkakakkiya ce, mai kallo daga waje zai ga kamar ciniki ne. Daga baya gwamnati ta karɓe yawancin asibitocin Mishan, amma zaton cewa agajin Kirista yana da ƙugiya a ciki bai tafi tare da 'yan Mishan ba. Mu muka gaje shi.

'Yan agaji

A cikin garin Daura, idan aka ce ɗan agaji, abin da zai zo zuciyar mutum shi ne saurayi cikin kaki da hula, yana shirya sahu a filin Idi. Waɗannan rundunoni na ƙungiyoyin Musulunci ne. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya jagoranci kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna a 1962. Fityanul Islam ta biyo baya a Kano a 1963, Izala kuma aka kafa ta a Jos a 1978 ƙarƙashin Sheikh Isma'ila Idris. Kowace tana da rundunar agaji, da horo irin na 'yan sikawut da na Red Cross. A 1985 matan Musulmi suka kafa FOMWAN a Minna, Hajiya Aisha Lemu ce shugabarta ta farko, suka mai da hankali ga makarantu da lafiyar mata da yara.

'Yan agaji suna taimakon alhazai a sansani, suna jinyar marasa galihu a asibiti, suna kai ɗauki wurin hatsarin mota, suna tara fatun layya domin ayyukan ƙungiya. Mu shugabannin ikilisiya ya kamata mu faɗi gaskiya a nan: a ƙasar Daura, yawancin aikin sa-kai na yau da kullum maƙwabtanmu Musulmi ne suke yin sa. Wanda ya ɗauko mamban ikilisiyarmu daga motar da ta kife a hanyar Kano, mai yiwuwa ɗan agaji ne. Ubangijinmu da kansa, da aka tambaye shi wane ne maƙwabci, ya ɗauki misalin jinƙai daga Basamariye, mutumin da masu sauraronsa ba su ɗauka yana kan hanya ba (Luka 10:25-37). Ganin alherin wanda ba namu ba, da gode masa, ba ya rage kome daga bangaskiyarmu.

Shan inna

Babu inda aka ga ƙarfin ƙungiyoyin hidima da kuma iyakarsu kamar a yaƙi da shan inna. Sunan cutar kansa yana nuna yadda aka fahimce ta a da: an ɗauka wata aljana ce, Inna, take shanye ƙafar yaro. A gaskiya ƙwayar cuta ce da take bi ta bayan gida da gurɓataccen ruwa, ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma idan ta shanye gaɓa babu magani. Rigakafinta kuwa ɗigo biyu ne a baki, a maimaita sau da yawa.

A 1979 Rotary ta ɗauki nauyin yi wa yara miliyan 6 rigakafi a ƙasar Filifin. A 1985 ta ƙaddamar da shirin PolioPlus, ta sa wa kanta burin tara dala miliyan 120, zuwa 1988 ta tara miliyan 247. A wannan shekara Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka haɗu da ita aka ɗaura aniyar kawar da cutar daga duniya. A lokacin tana shanye yara kusan 350,000 kowace shekara a ƙasashe 125. Daga wancan lokaci zuwa yau abin da Rotary ta zuba ya haura dala biliyan 2.

A shekarar 2003 zuwa 2004 shugaban Rotary na duniya shi ne Jonathan Majiyagbe, lauya mazaunin Kano, ɗan Afirka na farko da ya riƙe wannan muƙami. Ya daɗe yana mai ba Diyosis ɗin Anglican na Kano shawara kan shari'a, ya kuma shugabanci reshen Red Cross na Kano. A daidai wannan shekara, a garin da yake zaune, aikin ya tsaya. Majalisar Ƙoli ta Shari'a, ƙarƙashin Dokta Ibrahim Datti Ahmed, ta ce tana zargin an sa wa maganin abin hana haihuwa. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin, jita-jitar kuma ta bazu ko'ina a Arewa.

Zargin ba gaskiya ba ne, gwaje-gwaje sun tabbatar da lafiyar maganin. Amma bai kamata mu ce jahilci ne kawai mu wuce ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, kamfanin Pfizer ya gwada sabon magani mai suna Trovan a Kano, cikin gwajin da ya ƙunshi yara 200. Yara 11 suka mutu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi ta shari'a har kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a 2009. A 2003 kuma Amurka ta shiga yaƙi a Iraƙi. Ga kuma tambayar da iyaye suka riƙa yi wa masu rigakafi a ƙofar gida: ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro suna kashe mana yara, mun je asibiti an ce mu sayo magani, me ya sa wannan kaɗai ake biyo mu da shi har gida kyauta? Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi.

Kano ta koma rigakafi a Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. Kafin nan ɓarna ta riga ta auku. Cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har Sudan da Yaman da Indunusiya. A 2006 an ƙirga yara 1,122 da ta shanye a Nijeriya. Kuɗi suna nan, magani yana nan cikin akwatin ƙanƙara, amma ƙofofi a rufe.

Abin da ya juya al'amarin shi ne komawa ga 'yan gari. Daga 2006 aka fara haɗa ɗigon da abubuwan da iyaye suke nema, kamar sabulu da gidan sauro da maganin tsutsar ciki da sauran alluran yara. A 2009 Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar, ya kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko. Daga nan umarni ya riƙa bin tsohuwar hanyarsa, daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa. A Daura wannan ya faɗo a zamanin Sarki Alhaji Umar Faruk Umar, wanda ya gaji Alhaji Muhammadu Bashar a 2007. Adadin yaran da cutar ta shanye a ƙasar ya sauko daga 798 a 2008 zuwa 21 a 2010.

Da aka yi sake, ta sake tashi. A 2012 an sami 122 a Nijeriya daga cikin 223 na duniya duka, kuma Jihar Katsina tana cikin waɗanda abin ya fi shafa. A wannan shekara UNICEF ta fara ɗaukar mata 'yan unguwa masu wayar da kai. Kowace a unguwarta take aiki, ta san mai ciki, ta san gidan da aka haihu, tana zuwa suna, tana shiga inda namiji ba ya shiga. Matan FOMWAN da limamai da ungozomomi suka sa baki. Waɗanda cutar ta riga ta shanye suka riƙa bin ayarin a kan kekunansu, uba ya gan su da idonsa kafin ya ce a'a. Ana ɗiga wa yaro, a shafa masa tawada a ɗan yatsa, a rubuta alama da alli a bangon gida. A ƙasa irin ta Daura, inda iyali ɗaya yake da dangi a ɓangarori biyu na iyaka, inda kasuwar Mai'aduwa take tara mutanen ƙasashe biyu, ake kuma ratsa Kwangwalam dare da rana, dole aikin ya bi yara har tasha da kasuwa da mashigar iyaka.

An biya wannan aiki da jini. Ranar 8 ga Fabrairu 2013 'yan bindiga suka harbe masu aikin rigakafi tara a Kano, yawancinsu mata. Sauran suka ci gaba da fita. A 2014 yara shida kaɗai aka samu. Na ƙarshe an same su a Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka ba da shelar cewa nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna. Shugaban ƙasa a lokacin ɗan Daura ne, marigayi Muhammadu Buhari. Shekara 35 ke nan daga lokacin da Rotary ta ƙaddamar da shirin PolioPlus.

Abin da tarihin ya bar wa ikilisiya

A Markus 2:1-12 mutum huɗu suka ɗauko shanyayye, suka tarar ƙofa ta cika, suka fasa rufin ɗaki suka saukar da shi gaban Yesu. Ba a gaya mana sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Haka tarihin nan yake: mun san sunan Dunant da Harris da Majiyagbe, amma matan da suka bi lungu-lungu da akwatin ƙanƙara a rana ba a rubuta sunayensu ba. Daga aikinsu za mu ɗauki darussa huɗu.

Na farko, a shiga ta ƙofa. Fasto da ya sami taimako daga wata ƙungiya ta waje, ko na rijiya ko na magani, ya fara zuwa gaida mai unguwa da dagaci, ya tambayi mutanen unguwa abin da ya fi damunsu, kafin ya yanke abin da zai yi. Zumunta a ƙafa take. Wanda bai je gaisuwar mutuwa ba, bai je barka ba, ranar da ya zo da buhun hatsi za a tambayi dalilinsa. Irmiya ya gaya wa 'yan bauta a Babila su nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki su yi masa addu'a, domin lafiyarsu tana cikin tasa (Irmiya 29:7). Wannan magana ce ga 'yan tsiraru kamarmu.

Na biyu, kada a ɗaura ƙugiya a jikin agaji. Ba mu jin kunyar bishara, kuma duk wanda ya tambaye mu dalilin begenmu za mu amsa masa da tawali'u da ladabi (1 Bitrus 3:15). Amma magani ko abinci ba kuɗin sayen kunne ba ne. Yesu ya warkar da kutare goma, ɗaya kaɗai ya komo, bai kuwa janye warkarwar sauran tara ba (Luka 17:11-19). Bulus ya ce mu yi wa kowa alheri, musamman iyalin bangaskiya (Galatiyawa 6:10), kuma bai kamata kashi na biyu na maganar ya haɗiye na farkon ba. Haka nan hoton da ake ɗaukar matalauci yana karɓar mudun shinkafa domin a sa a Facebook ya saɓa wa koyarwar Matiyu 6:1-4.

Na uku, lissafi ya zama a fili. Ƙarfin kulob irin Rotary yana cikin abubuwa marasa ban sha'awa: taro a kan kari, kuɗin mamba, ma'aji, rahoto, da sauya shugaba kowace shekara. Ikilisiya ta riga su sanin wannan. Da gunaguni ya tashi a kan rabon abincin gwauraye, manzanni suka sa jama'a su zaɓi mutum bakwai da kowa ya shaida (Ayyukan Manzanni 6:1-7). Bulus bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, domin kada a sami abin zargi (2 Korintiyawa 8:18-21). Kuɗin agaji da ya bi ta aljihun fasto shi kaɗai, ko bai ci ko sisi ba, ya riga ya jawo magana.

Na huɗu, bakin mai hidima yana da nauyi a kan lafiyar jama'a. Abin da aka faɗa a kan mumbari a 2003 ya rufe ƙofofi, abin da aka faɗa a kan mumbari daga baya ya taimaka wajen buɗe su. A cikinmu ma akwai masu koyar da cewa shan magani rashin bangaskiya ne, akwai masu tura jita-jita a WhatsApp ba su bincika ba. Idan fasto ya faɗi abin da bai tabbatar ba a kan rigakafi, yaran ikilisiyarsa ne za su biya.

Kammalawa

Aikin bai ƙare ba. Inda aka bar yara da yawa ba rigakafi, wani nau'in ƙwayar shan inna yana sake ɓullowa, kuma jihohin Arewa maso Yamma, har da Katsina, suna fama da shi. A 2023 mashaƙo ya kashe yara da yawa a Kano da Katsina da Yobe, alhali akwai allurarsa. Tamowa tana nan, mata masu haihuwa suna rasa jini a asibitocinmu. Ikilisiya mai mutum hamsin ba za ta gina asibiti ba. Amma tana iya rubuta sunayen masu ba da jini ta kai wa babban asibitin Daura, tana iya tura samarinta horon taimakon gaggawa na Red Cross tare da samarin unguwa, Zumuntar Mata tana iya tabbatar da cewa kowane jaririn da aka kawo miƙawa yana da katin rigakafi, kuma ranar yashe kwata 'yan birged suna iya fitowa da shebur tare da kowa. Waɗannan ƙananan abubuwa ne, kuma da irinsu ake zama ɗan gari.

Tambayoyi domin nazari

1. Waɗanne ƙungiyoyin sa-kai ne suke aiki a garin da kake hidima? Ka san shugabanninsu, sun kuma san ka?

2. Me ya sa iyaye da yawa suka ƙi rigakafi a 2003? Wanne daga cikin dalilansu ne yake nan har yau?

3. Ka karanta Luka 17:11-19 da 1 Bitrus 3:15-16. Ina iyakar da ke tsakanin shaida ta gaskiya da amfani da bukatar mutum?

4. Idan aka aiko wa ikilisiyarku kuɗin agaji gobe, hannu nawa za su bi, kuma wa zai karanta lissafin a gaban jama'a?